Wa Ke Karrama Wa? Bashin Da Ke Kan Masu Ba Mata Lambar Yabo

Ranar 10 ga Disamba, 2023, a babban zauren majalisar birnin Oslo, an ajiye wata kujera babu kowa a kanta, a tsakanin wasu tagwaye 'yan shekara 17, Ali da Kiana. Kujerar mahaifiyarsu ce, Narges Mohammadi, wadda aka ba lambar Nobel ta zaman lafiya ta wannan shekarar saboda gwagwarmayar da ta daɗe tana yi a kan haƙƙin mata a Iran. A daidai lokacin da ake tafa mata, tana kulle a gidan yarin Evin da ke Tehran, jawabin da 'ya'yan nata suka karanta kuwa a ɓoye aka fito da shi daga kurkukun. Yaran sun shafe shekaru rabonsu da su sa ta a ido. Na kalli bikin a talabijin, kuma tambayar da ta tsaya mini a rai har yau ita ce: a wannan zauren, wa ya ƙara wa wani daraja? Matar da ta sadaukar da 'yancinta da lafiyarta da zama da 'ya'yanta ce ta samu girma daga kwamitin mutum biyar, ko kuwa kwamitin ne ya samu girma da aka haɗa sunansa da nata?

Ni dai a wurina kwamitin ne ya ci riba, kuma a kan wannan ra'ayina ya ginu game da lambobin yabon da gidauniyoyi da attajirai da gwamnatoci ke ba shugabannin mata masu fafutukar ci gaban 'yan uwansu a faɗin duniya. Kowace lamba, kafin a rataya ta a wuyan wani, ƙarfe ce da takarda. Darajarta daga sunayen waɗanda suka karɓe ta take fitowa. Idan gidauniya ta kira macen da ta yi shekara ashirin tana kwana cikin fargaba domin 'yan mata su je makaranta, ta miƙa mata kambu a gaban 'yan jarida, ta buga hotonta a rahoton ƙarshen shekara, to aron mutuncin wannan mace ta yi. Wanda ya ari abu kuwa bashi ya hau kansa. Abin da nake so a riƙa auna waɗannan lambobi da shi shi ne ko ana biyan wannan bashin bayan an watse daga zaure, an naɗe jan kafet, kowa ya kama gabansa.

Kada a ɗauka ina cikin masu cewa duk abin shirme ne. Yabon gwani ya zama dole, kuma mata sun daɗe ana danne musu wannan haƙƙin. An fara ba da lambar Nobel a 1901, Bertha von Suttner ta karɓi ta zaman lafiya a 1905, sai da aka ƙara shekara 26 kafin wata mace, Jane Addams, ta same ta a 1931. Ba a ba Musulma ba sai a 2003, lokacin da Shirin Ebadi ta Iran ta karɓa, ba a kuma ba mace 'yar Afirka ba sai a 2004, da aka ba Wangari Maathai ta Kenya. Zuwa 2023, mata 19 kacal suka karɓi wannan lamba a cikin shekaru sama da 120. Duk wanda ya san yawan matan da suka binne 'ya'yansu a yaƙe-yaƙen ƙarnin da ya wuce, sa'annan suka tashi suka sake gina garuruwansu, zai gane cewa ba ƙarancin jarumai ne ya kawo wannan adadi ba, ƙarancin kallo ne daga masu zaɓe. Saboda haka yawaitar lambobin da aka keɓe wa mata a 'yan shekarun nan gyara ne na wani tsohon kuskure, kuma ina maraba da shi.

Akwai kuma amfanin da ba a iya musantawa. Wangari Maathai ta kafa ƙungiyarta ta dashen itatuwa a 1977, aka ba ta lambar Right Livelihood a Sweden a 1984, shekara ashirin kafin Nobel. A 1989 ta tsaya kai da fata a kan shirin gina wani dogon bene a dandalin Uhuru da ke Nairobi, gwamnatin Daniel arap Moi ta yi mata ca, aka zage ta a majalisa, a 1992 'yan sanda suka doke ta har ta suma, a 1999 aka fasa mata kai a dajin Karura. Duk da haka ba ta ɓace ba kamar yadda wasu da ba a san sunansu ba suka ɓace, domin duk lokacin da aka taɓa ta sai wayoyi su fara ƙara a ofisoshin jakadanci. Suna garkuwa ce, ko da ba ta tare kowace kibiya. Macen da ke da lambar duniya a hannu, ministan da jiya ya bar ta a ɗakin jira yau shi ke miƙewa idan ta shigo, takardar izinin tafiya tana fito mata da wuri, kuma alƙalin da aka kawo ta gabansa ya san cewa akwai masu kallo.

Sai dai garkuwar tana hujewa, kuma a nan bashin da nake magana a kai yake fara bayyana. A 2015 aka ba Berta Cáceres, shugabar 'yan asalin ƙabilar Lenca a Honduras, lambar Goldman ta kare muhalli, saboda jagorantar mutanenta wajen hana gina madatsar ruwa ta Agua Zarca a kan kogin Gualcarque. Ta tsaya a wani babban zaure a San Francisco ta yi jawabi, aka miƙe tsaye ana tafi. Ba a cika shekara ba, a farkon watan Maris na 2016, 'yan bindiga suka shiga gidanta a La Esperanza cikin dare suka harbe ta. Ta sha faɗin cewa ana yi mata barazana, kuma akwai umarnin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka cewa a ba ta kariya. A 2018 kotu ta samu mutum bakwai da laifin kisan, a 2021 kuma aka samu tsohon shugaban kamfanin da ke gina madatsar da hannu a ciki. Ban ɗora jininta a kan waɗanda suka karrama ta ba, alhakin yana kan waɗanda suka kitsa kisan. Amma duk wanda ya haska fitila a fuskar mutum a cikin dare ya kamata ya san cewa ba masoya kaɗai ke kallo ba, kuma bai kamata ya ɗauke fitilar ya tafi ba tare da ya tambayi wa zai kwana a ƙofar gidan ba.

Akwai waɗanda suka fahimci haka. Mozn Hassan, wadda ta kafa ƙungiyar kare haƙƙin mata ta Nazra a Masar, an ba ta lambar Right Livelihood a 2016, alhali gwamnati ta hana ta fita daga ƙasar a cikin wata shari'a da aka yi wa ƙungiyoyi a kan karɓar kuɗin waje, daga baya kuma aka rufe asusunta. Da ta kasa zuwa Stockholm, masu lambar ba su ce Allah ya kyauta suka ci gaba da harkokinsu ba, sai suka bi ta har Alƙahira a 2017 suka miƙa mata a can, suka kuma ci gaba da ambaton shari'arta a tarukan duniya. Labarin nata yana nuna wata fuska ta biyu da masu bayarwa kan manta. A ƙasashe da dama, lambar da ta fito daga Turai ko Amurka makami ce a hannun masu adawa da macen, waɗanda dama suna neman hujjar da za su kira ta karen farautar baƙi. Tun da Rasha ta kafa dokar da ke laƙaba wa ƙungiyoyi sunan wakilan ƙasashen waje a 2012, gwamnatoci da yawa suka ga wurin kwana. Don haka kafin a sanar da suna, ladabi ne a zauna da mai sunan a tambaye ta ko wannan yabo zai sauƙaƙa mata aiki a wurin da take aikin ko zai jagula shi, kuma idan ta ce a ba da kuɗin a yi shiru, a yi shirun.

Abin da ya fi damuna, duk da haka, shi ne yadda lamba kan mayar da aikin jama'a ya koma fuskar mutum ɗaya. A 2003 matan Laberiya, Kirista da Musulmi, suka gaji da yaƙin da ya cinye musu maza da 'ya'ya, suka sa fararen kaya, suka zauna a wani fili kusa da kasuwar kifi a Monrovia, a bakin hanyar da ayarin shugaban ƙasar, Charles Taylor, ke bi, rana da ruwan sama duk a kansu. Da aka tafi zaman sulhu a Accra, shugabannin 'yan tawaye suka miƙe ƙafa a otal ana ta jan magana makonni, alhali ana ruwan harsashi a gida, sai matan suka zauna a bakin ƙofar zauren, suka sarƙe hannuwansu, suka ce babu mai fita sai an cim ma matsaya. Janar Abdulsalami Abubakar, wanda ke shiga tsakani, bai sa an kore su ba. A ranar 18 ga Agusta aka sa hannu a yarjejeniya. Bayan shekara takwas, a 2011, aka ba Leymah Gbowee, wadda ta jagoranci matan, lambar Nobel tare da shugabar Laberiya ta lokacin, Ellen Johnson Sirleaf, da Tawakkol Karman ta Yemen. Gbowee ta cancanta, kuma ita kanta ba ta taɓa ɓoye cewa ba ita kaɗai ba ce. Amma mutum nawa ne a wajen Laberiya suka san Asatu Bah Kenneth, 'yar sandan da ta tattaro matan Musulmi zuwa wannan fili, wanda in ba don ita ba da ƙila an ce tafiyar ta coci ce kawai? Hannu ɗaya bai ɗauki wannan jinka ba, amma ƙa'idar lambar ba ta yarda a raba ta ga sama da mutum uku ba.

Haka nan a ranar 9 ga Oktoba, 2012, da ɗan bindiga ya hau motar 'yan makaranta a kwarin Swat na Pakistan, 'yan mata uku ya raunata: Malala Yousafzai da Shazia Ramzan da Kainat Riaz. Duniya ta san ɗaya. Wannan ba laifin Malala ba ne, ita aka nufa da harbin, kuma ta yi amfani da sunanta wajen tara wa ilimin 'yan mata abin da ba kowa zai iya ba. Abin da nake nunawa shi ne ɗabi'ar masu kallo, waɗanda idonsu ba ya ɗaukar taro, sai fuska ɗaya da labari ɗaya. Idan aka ɗauke shugabar ƙungiya aka mayar da ita tauraruwa, tana yawo daga wannan taro zuwa wancan, sau da yawa abokan aikinta da suka rage a gida su ke ci gaba da ɗaukar nauyin, da ɗan ƙullin da ba a faɗa a zuciyarsu, kuma ƙungiyoyi da dama daga irin wannan ƙullin suke fara tsagewa.

Son labari ɗaya mai ratsa zuciya yana da wani hatsarin. Somaly Mam ta Kambodiya ta karɓi lambar Yariman Asturias a Sifaniya a 1998, mujallar Time ta sa ta cikin mutum ɗari mafiya tasiri a 2009, manyan taurari suna rububin ɗaukar hoto da ita saboda yaƙin da take yi da fataucin 'yan mata. A 2014 mujallar Newsweek ta buga binciken da ya jefa shakku a kan muhimman sassa na tarihin da take bayarwa da na wasu 'yan matan da ake gabatarwa a wuraren tara kuɗi. Ta musanta zargin, amma ta sauka daga gidauniyar da ke ɗauke da sunanta, kafin shekarar ta ƙare kuma aka rufe gidauniyar. Masu lambobin da suka yi shekara goma sha shida suna tafi babu wanda ya tuhume su, alhali su ne suka buɗe kasuwar da hawaye ya fi lissafi tsada a cikinta.

Na ɗanɗani kaɗan daga wannan kasuwa. Wata baiwar Allah da ke kula da gidan da ake saukar matan da suka gudo daga dukan miji ta taɓa roƙona in taya ta cika takardar neman wata lamba. Muka zauna a gaban kwamfuta, ita da littafinta mai bangon kwali wanda take rubuta sunan duk wadda ta kwana a gidan, da ranar zuwanta, da inda aka kai ta daga baya. Takardar tana neman komai da Ingilishi, tana neman rahoton mai binciken kuɗi na shekaru, da ɗan gajeren bidiyo, da wasiƙun shaida daga sanannun mutane. Sai muka iso wani gurbi da ke cewa ta ba da labarin abin da ya faru da ita kanta wanda ya sa ta fara wannan aiki. Ta yi shiru, ta rufe littafin, ta ce da ni, "Malam, ni fa babu abin da ya same ni. Na ga ana dukan mata ne, na ga ina da ɗaki." Na san a lokacin cewa wannan amsa ba za ta ci lamba ba, na kuma ji kunyar cewa har na fara tunanin yadda zan yi mata ado. Ba mu aika takardar ba. Tana nan tana aikinta, littafin ya cika ta sayi wani.

Mu koma kan kuɗi, domin a nan ake gane wanda da gaske yake. Ƙungiyar AWID, wadda ke bin diddigin kuɗin da ke isa ga ƙungiyoyin mata, ta fitar da wani bincike a 2013 da ya nuna cewa ƙungiyoyin kare haƙƙin mata 740 daga sassan duniya, idan aka haɗa duk abin da suka samu a 2010, dala miliyan 106 ne, kuma rabinsu ba su wuce dala dubu 20 a shekara ba. A shekarar ta 2010, ƙungiyar agaji guda ɗaya, World Vision, ta samu sama da dala biliyan biyu da rabi. A Amurka, inda al'adar ba da kyauta ta fi ƙarfi, cibiyar nazarin taimakon mata ta jami'ar Indiana ta fara auna abin a 2019, ta samu cewa kashi 1.6 cikin ɗari ne kawai na duk kyautar da ake bayarwa ke zuwa ga ƙungiyoyin mata da 'yan mata, kuma tun daga lokacin adadin bai yi nisa da kashi 2 ba. A 2021 an yi taro a Paris aka yi alkawarin dala biliyan 40 domin daidaito tsakanin maza da mata, amma kaso mafi tsoka na irin waɗannan kuɗaɗe ta hannun gwamnatoci da manyan hukumomi yake bi, ya zama inuwar giginya, na nesa ke sha. Idan aka ajiye waɗannan alƙaluma kusa da yawan bukukuwan karrama mata da ake yi kowane watan Maris, mutum zai ga cewa yabo ya yi wa kuɗi fintinkau, kuma wani lokaci yabon ne ma ke rufe giɓin, domin wanda ya tafa yakan tashi da jin cewa ya sauke nauyi.

Shi ya sa nake girmama lambobin da aka tsara su ta yadda kuɗin zai wuce hannun mutum ɗaya ya sauka a kan aiki. Lambar Aurora, wadda jikokin waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin Armeniyawa suka kafa, ta fara da Marguerite Barankitse ta Burundi a 2016, matar da aka kashe mutum 72 a gaban idonta a Ruyigi a 1993, ta tsira da yara 25, daga nan ta kafa gidan marayun Maison Shalom. An ba ta dala dubu 100, aka kuma ce ta zaɓi ƙungiyoyin da za a raba wa dala miliyan ɗaya. A 2020 Fartuun Adan da 'yarta Ilwad Elman na Somaliya suka karɓa, a 2021 Julienne Lusenge ta Kwango, a 2022 Jamila Afghani ta Afghanistan. Hikimar da ke ciki ita ce an yarda cewa wadda ke cikin aikin ta fi kwamiti sanin inda ke ƙaiƙayi. Lambar Hilton kuwa ba ta ma zuwa ga mutum, ƙungiya ake ba, kamar yadda aka ba CAMFED mai ɗaukar nauyin karatun 'yan mata a Afirka dala miliyan biyu da rabi a 2021. A 2024 Melinda French Gates ta ware dala biliyan ɗaya domin al'amuran mata, a ciki ta ba mutum goma sha biyu, har da Leymah Gbowee da tsohuwar firaministar New Zealand, Jacinda Ardern, ikon raba dala miliyan 20 kowannensu ga ƙungiyoyin da suka ga dama. MacKenzie Scott ta bi wata hanyar, ta raba sama da dala biliyan 19 daga 2020 zuwa ƙarshen 2024 ba tare da biki ba, ba tare da gindaya sharaɗin yadda za a kashe ba. Ban ce waɗannan ba su da aibi ba, domin har yanzu mai kuɗi ne ke zaɓen wanda zai zaɓa, kuma dukiyar da ta taru haka a hannu ɗaya ita ma abin tambaya ce. Amma macen da ke neman kuɗin hayar ofis da albashin mutum uku ta san bambancin wannan da gilashin da aka zana sunanta a jiki.

Game da lambobin da gwamnatoci ke bayarwa ba zan tsawaita ba, domin misali ɗaya ya wadatar. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta kafa lambar mata masu jarumta a 2007, zamanin Condoleezza Rice, kuma an karrama mata na ƙwarai da ita. A 2019 aka sanar da Jessikka Aro, 'yar jaridar Finland da ta tona asirin masana'antar yaɗa ƙarya ta Rasha, cewa an zaɓe ta, sai kuma aka janye. A 2020 babban mai binciken ma'aikatar ya tabbatar da cewa rubuce-rubucenta na sukar Shugaba Trump ne suka jawo. Jarumta ake so, amma wadda ta fuskanci wani gefen.

Su ma masu karɓa mutane ne, kuma lamba ba ta mayar da kowa waliyyi. An sanar da Nobel ɗin Sirleaf kwana huɗu kafin zaɓen da take takara a ciki, abokan hamayyarta suka yi ta ƙorafi, bayan shekara ɗaya kuma Gbowee da kanta ta ajiye muƙamin shugabar hukumar sasantawa tana sukar gwamnatin a kan cin hanci da naɗa 'ya'yan shugabar a manyan muƙamai. Na Aung San Suu Kyi ta Myanmar ya fi ciwo. An ba ta Nobel a 1991 tana ɗaurin talala, duniya ta ɗauke ta tamkar alamar haƙuri. Daga watan Agustan 2017, tana jagorantar gwamnatin farar hula, 'yan Rohingya sama da dubu 700 suka tsere zuwa Bangladesh, a cikinsu da dubban matan da aka ci zarafinsu, a 2019 kuma ta je kotun duniya a Hague ta kare ƙasarta a ƙarar da Gambiya ta shigar. Amnesty ta janye lambarta a 2018, Kanada ta soke mata izinin zama 'yar ƙasa na girmamawa, kwamitin Nobel kuwa ya ce ƙa'idarsa ba ta ba da damar janyewa ba. Darasin da na ɗauka daga nan ba wai a daina yabon kowa sai ya mutu ba ne. A yabi aiki takamaimai, a faɗi abin da aka yi da inda aka yi shi, a daina rubuta wa mutane takardar tsarki, musamman waɗanda ke riƙe da mulki ko suke hanyar riƙe shi.

Can ƙasa da waɗannan duka akwai 'yan kasuwar lamba, waɗanda za su aiko wa mace wasiƙa cewa an zaɓe ta cikin fitattun matan duniya, a shafi na biyu kuma ga kuɗin tebur da na shafin mujalla. Da kamfanonin da ke karrama mace ɗaya a otal da dare, alhali ɗaruruwan matan da ke musu aiki ba su da hutun haihuwa na kirki. Waɗannan ba su ari mutunci ba, sata suka yi, kuma ba su cancanci fiye da wannan sakin layi ba.

Ga masu niyyar ƙwarai, bashin da nake nufi ba ɓoyayye ba ne. Kuɗi ne na shekaru, ba na dare ɗaya ba, wanda ba a ɗaure shi da igiya ba, domin ƙungiya ta iya biyan haya da albashi da lauya. Suna ne na ƙungiya a kan takardar, kusa da na shugabarta ko ma a gabansa. Lambar waya ce da za a ɗauka da ƙarfe biyun dare bayan shekara uku, lokacin da aka zo kama ta kuma 'yan jarida sun koma kan wani labarin. Kuma kujeru ne a kwamitin zaɓe ga matan da suka yi aikin da hannunsu, da ga asusun mata irin su Mama Cash da aka kafa a Amsterdam a 1983, da Global Fund for Women na 1987, da asusun raya matan Afirka da ke Accra, waɗanda aikinsu na yau da kullum shi ne gano ƙananan ƙungiyoyin da ba su da bidiyo ba su da Ingilishi.

Sai kuma lokaci, wanda shi ne ɓangaren da aka fi jinkirta biya. Edna Adan Ismail ungozoma ce da ta yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya. Da ta yi ritaya ta koma Hargeisa da ke Somaliland, birnin da yaƙi ya rusa, aka ba ta wani fili da a da juji ne, ta zuba kuɗin fanshonta, ta sayar da kadarorinta, ta fara horar da 'yan mata aikin jinya tun ginin bai kammala ba. A 2002 asibitin haihuwar ya buɗe, daga baya jami'a ta biyo. A 2023 aka ba ta lambar Templeton, mai ɗauke da fam miliyan ɗaya da dubu ɗari, tana da shekara 85. Ta cancanci kowane kwabo, kuma na yi murna ranar da na ji. Amma shekara 21 ke tsakanin buɗe asibitin da zuwan kuɗin, kuma a shekarun da ake ɗora bulo a kan bulo, lokacin da buhun siminti ɗaya ke iya tsayar da aikin mako guda, fanshonta ne ya biya.